Shekarar da Na Auna Taurari a Gicciye

Ƙannena da suka gama sakandare sukan ce duk Bukkuyum ba wanda ya kai ni samun aiki mai sauƙi. A ganinsu tabarma nake shimfiɗawa in ɗaga kai sama, in ƙirga abin da na ƙirga, in yi barci. Ɗaya daga cikinsu ya taɓa ce mini in bai sami gurbin karatun likita ba, irin nawa zai yi, tunda ba a taɓa jin tauraro ya mutu a hannun ma'aikaci ba. Ni ba gwanin magana ba ne a gaban mutane. Na ga gara in rubuta, wanda ya ga dama ya karanta.

Da rana nake aikina. Shekara shida na yi ina auna motsin taurari, kuma ban taɓa ɗora idona a kan madubin hangen nesan da ke tattaro haskensu ba. Yana can bisa wani dutse a Kudancin Amurka, inda ba a cika yin hadari ba, ni ma a hoto na san shi. Wasu ne ke tara hasken a can, wasu su tace shi, sannan a aiko mini da shi ya zama lambobi. Kayan aikina ba su cika jaka ɗaya ba: kwamfuta mai tsagaggen murfi, littafi mai gidajen dara irin na zanen lissafi, fensir, da ma'aunin kusurwa na roba da na ciro daga akwatin lissafina na sakandare. Sai faifan sola a kan rufin ɗakin Inna, mahaifiyata, da tsohon batirin mota a ƙarƙashin gadona. In rana ta hau kan faifan na fara, in ta sauka bayan la'asar na rufe. Ranar da hadari ya rufe sama ranar hutu ce, ko ban so ba.

Ba tauraro ɗaya-ɗaya nake aunawa ba. Gungu-gungu Allah ya yi taurari, kowane gungu da biliyoyi a cikinsa, ranarmu ma ɗaya ce a cikin wani gungu. A wurin aiki galaksi muke cewa, a nan zan ce gungu. Wasu har yanzu suna haihuwar sababbin taurari daga iskar gas ɗin da ke cikinsu, haskensu shuɗi-shuɗi ne. Wasu kuwa sun daina tun da daɗewa, sai tsofaffin taurari ja-ja suka rage musu. Waɗannan na biyun su ne nawa, kuma na nesa ƙwarai, waɗanda haskensu ya baro gida tun kafin a halicci ranar da ke faɗowa kan solata.

Tafiya iri biyu taurarin cikin gungu suke yi. Akwai tafiyar tsari, duka su kewaya tsakiya ta gefe ɗaya, kamar ruwa da yashi a kwaryar mai wankin zinari in yana juya ta. Akwai kuma tafiyar kowa-ta-kansa, wannan ya yi gabas wancan ya yi yamma, kamar mutane a kasuwar Bukkuyum da azahar. Kowane gungu yana da duka biyun, aikina shi ne in faɗi wadda ta rinjaya. Abin da ya sa aka damu da wannan shi ne, in gungu biyu suka yi karo suka haɗe, tafiyar tsari takan wargaje. Na taɓa yi wa Inna wannan bayani tana tsince wake.

"To in sun bar haihuwa, mi kake nema gare su?" in ji ta.

Na ce daga tafiyarsu ake gane abin da ya same su a baya. Ta ce ita ma in ta hango tsohuwa tana tahowa daga rijiya ta san ko ta yi noma a rayuwarta, kuma ba ta bukatar sola. Daga ranar ba ta sake tambayata ba, amma ita ce ke hana awaki hawa inda wayar solar ta bi.

Aikin farko da ya kai ni ga wannan sana'a a ƙasa yake, ba a sama ba. Shekarar da gubar dalma ta kama yara a 'Yargalma da Tungar Daji ina ɗalibin fiziks a jami'a, na zo hutu. Ma'aikatan lafiyar da suka zo suna neman tafinta, aka tura ni don an ce ina jin Turanci, ko da yake ba wanda ya taɓa jin na yi shi da ƙarfi. Ɗaya daga cikinsu yana da wata na'ura mai kama da bindigar wasa. In ya ɗora ta a ƙasar tsakar gida inda aka daka dutsen zinari, sai ta nuna yawan dalmar da ke wurin. Kwana huɗu ina bin sa kafin na iya tambayarsa yadda take ganewa. Ya ce kowane ƙarfe yana da tambarinsa a cikin haske, ba ya kama da na wani, kuma da haka ake sanin abin da ke jikin taurari ba tare da an je ba. Ya faɗi haka ya wuce gida na gaba. Ni kuwa da na koma makaranta na kwashe duk littafin da ya yi maganar haske a laburare.

Gungun farko da aka ba ni in auna, wata uku na yi a kansa. Lokacin na gama digiri, na sami gurbin karatu a wata ƙasa ta kudancin Afirka, a ƙarƙashin wata mata da zan kira Farfesa kawai. Ga yadda abin yake. A bayan madubin akwai farantin ƙarfe da aka yi wa 'yan tsagogi sirara, kowace tsaga tana daidai kan gungu ɗaya. Hasken da ya ratsa tsagar sai a baje shi launi-launi kamar bakan gizo. A cikin launukan akwai baƙaƙen zane, tambarin ƙarfe da sauran abubuwan da ke jikin taurarin. In gefe ɗaya na gungun yana tahowa wajenmu, zanensa sukan ɗan gusa wajen shuɗi, na gefen da ke tafiya kuma su gusa wajen ja. Kun san yadda ƙarar babur ke sirancewa in yana tahowa, ta yi kauri in ya wuce. Haske ma haka yake yi. Tafiyar kowa-ta-kansa kuma ba ta gusar da zane, faɗaɗa shi take yi har ya yi dishi-dishi.

Gungu mai haihuwa yana da sauƙin aunawa, don iskarsa tana walƙiya, ɗalibin shekarar farko ma zai ga zanensa. Nawa ba su da wannan. Sai an bar madubin yana kallon wuri ɗaya na tsawon lokaci sannan a sami wani zare mai toka-toka a kan allo, faɗinsa bai wuce ɗigo takwas ko goma ba. A cikin waɗannan ɗigon ne duk biliyoyin taurarin suke. Layi-layi nake bi, in cire hasken samanmu da ya kutsa ciki, in kwatanta abin da ya rage da hasken taurarin kusa da aka riga aka sani, in gusa, in faɗaɗa, har su dace. Manhaja ce ke yin lissafin, amma manhaja ba ta da kunya. In ka zuba mata shara za ta ba ka amsa tsaf, har da lamba uku bayan ɗigo.

Farfesa ba ta da yawan faɗa. Doka ɗaya ta kafa mana: kada ka rubuta lamba a kan gungun da ba ka ga hotonsa da idonka ba. Sai ka zana shi a littafi, ka ja layin tsagar a kansa, sannan ka taɓa kwamfuta. Abokan karatuna suna ganin wannan aikin 'yan firamare ne. Ni ya yi mini daidai, don ba ya bukatar magana. Da wannan zanen na kama kurakuran mutane da dama, gungu biyu da suka manne aka ɗauka ɗaya ne, tauraron kusa da ya faɗo cikin tsaga ya ɓata lissafi. Har ya zama in an kawo jadawali a taro sai a ce a ba Lawali, wato ni, ya duba tukuna. Wannan sunan da na yi shi ne ya sa daga baya ba wanda ya duba nawa.

Da mahaifina ya rasu, yayyena mata suna gidajensu, ƙannena suna makarantar kwana, sai na dawo Bukkuyum wajen Inna. Farfesa ta ce aikin ba ruwansa da inda mutum yake in dai saƙo yana isa gare shi. A nan matsalar take. Sabis ɗin unguwarmu a lokacin yana ɗaukar rubutu, amma hoto mai nauyi sai ya wuni bai sauka ba. Don haka duk mako nakan hau kabu-kabu zuwa Gummi, shagon Baba Mudi mai cajin waya kusa da tasha, inda sabis yake da ƙarfi. Yakan ture wayoyin mutane gefe ya ba ni ƙarshen benci, in zauna tun hantsi ina sauke hotuna, ƙarar janaretansa a bayan kunnena.

Masu ba ni aiki mutum goma sha ɗaya ne a ƙasashe huɗu, rabinsu ban taɓa ganin fuskarsu ba. Masu neman in yi musu aiki a nan gida sun fi su yawa. Baba Mudi ya raɗa mini suna Malamin Taurari, sunan ya bi gari, aka ɗauka duba nake yi. Wata rana wani mai haƙar zinari ya taso tun daga Anka ya same ni a shagon. Ya zauna har mutane suka ragu, sannan ya sassauta murya ya ce za su buɗe sabon rami, yana so in duba masa ranar da tauraronta ya yi kyau. Na ce masa ba irin wannan ilimin ba ne. Ya ɗauka ja masa rai nake yi, ya ƙara matsowa. Sai na juya masa allon na nuna masa zaren nan mai toka-toka, na ce ga taurarin. Ya daɗe yana kallo.

"Wanga ai kamar tabon gawayi ga bango," in ji shi. "Shi kake kallo tun safe?"

"Tun watan jiya," in ji Baba Mudi, bai ko ɗago daga wayar da yake kwancewa ba.

Mutumin ya yi mini addu'ar samun sauƙi ya tafi.

Shekarar da hanya ta lalace ita ce mugunyar shekarata. 'Yan bindiga suka fara tare mutane tsakanin garuruwa, 'yan kabu-kabu suka daina tafiya mai nisa sai a ayari, Inna kuma ta ce ba ta yarda in riƙa fita duk mako da jaka a baya ba. A daidai lokacin Farfesa ta ba ni aiki mafi girma da na taɓa samu: in auna juyawar tsofaffin gungu na nesa masu yawa a lokaci ɗaya, a kwatanta su da na kusa da mu.

Tsagogin farantin duka daga arewa zuwa kudu aka yanka su. Gungun kuwa kowanne da yadda ya kwanta a sama, kuma yawancinsu suna da ɗan tsawo kamar ƙwallon dabino. In gungu ya kwanta tare da tsagar, za ka ga gefen da ke tahowa da gefen da ke tafiya. In ya kwanta a gicciye, tsagar ta ratsa shi ta gajeren gefe, ba za ka ga juyawa ba ko da yana juyawa kamar injin niƙa. Saboda haka matakin farko zaɓe ne. A ɗauki waɗanda suka kwanta arewa-kudu, a ajiye sauran.

Hotunan ɗaruruwa ne, kuma suna da nauyi. Amma akwai wani jadawali da wata ƙungiya ta shirya, da lambar kowane gungu da kusurwar da ya kwanta. Wannan rubutu ne zalla, ya sauka a wayata a tsakar gida kafin Inna ta gama dama kunu. Na ce wannan karon zan yi zaɓen da jadawali, in hanya ta yi kyau in je Gummi in yi zanen daga baya. Mu a sana'armu daga arewa ake fara ƙirga kusurwa, sifili yana nufin gungu ya miƙe arewa-kudu. Haka na koya, haka na gani a duk littafin da na karanta. Na ɗebi masu kusurwa kusa da sifili, gungu sittin da ɗaya, na shiga aiki.

Wata bakwai na yi a kansu, ban je ko'ina ba sai masallaci da gona. Ban yi gaggawa a mataki ko ɗaya ba. Kowane layi sau biyu na auna shi, da hanya biyu daban. Abin da ya fito ya ba ni mamaki: kusan dukansu ba sa juyawa. Mutanenmu na wajen aiki suna sa ran na nesa su fi na kusa juyawa, don muna ganinsu ne a yadda suke tun da can, kafin su sha karo da yawa. Nawa ya nuna akasin haka. Da na aika, saƙonni suka yi ta shigowa har batirin wayata ya mutu. Farfesa ta ce za a rubuta maƙala da sunana a farko. Ta ce kuma ɗaya daga cikin mutum goma sha ɗayan nan yana da gurbin digiri na uku a Turai, in maƙalar ta shiga kafin a rufe karɓar takardu, gurbin nawa ne.

A ƙarshen saƙon ta tambaye ni ko na duba hotunan. Na rubuta mata cewa na duba zaɓen sau uku. Gaskiya ne, sau uku na bi jadawalin. Ban ce na ga hotuna ba, ban kuma ce ban gani ba, ita kuwa ta karanta abin da ta saba ji daga wajena.

Saura mako uku a rufe, aka ce a sa hotunan gungu shida a cikin maƙalar don mai karatu ya ga kamanninsu. Lokacin an fara roron wake. Na bi ayarin 'yan kasuwa zuwa Gummi, Baba Mudi ya ce ya ɗauka na koma sama gaba ɗaya, ya ture wayoyi ya ba ni benci. Hoton farko ya sauka. Gungun yana kwance gabas-yamma. Na ce ko hoton ne aka juya, na duba alamar arewa a kusurwarsa, tana nan a sama inda ya kamata. Na sauke na biyu, haka yake. Na ciro ma'aunin robar na ɗora a kan allon, na auna na uku da na huɗu har na goma. Sannan na koma inda na ɗauko jadawalin, na ga akwai wata 'yar takardar bayani a gefensa wadda ban sauke ba. A shafinta na ƙarshe an rubuta cewa kusurwoyin daga layin kwance na hoto aka ƙirga su, yadda manhajar da ta auna su take ƙirgawa. A wannan jadawalin sifili gabas-yamma ne. Masu shi ba su yi laifi ba, sun rubuta. Ni ne na zaɓi duk gungun da ya kamata a ajiye, na yi wata bakwai ina auna su ta gefen da juyawa ba ta nunawa.

"Malam, tauraro ya faɗi ne?" in ji Baba Mudi, ganin na rufe kwamfutar tun kafin azahar.

Na ce a'a, na gaji ne. Na zauna a tasha har ayari ya haɗu.

Kwana uku ban buɗe kwamfutar ba, na bi masu roro gona. Na san sana'ar sosai, har na san yadda za a rufe abin. Hoto shida kawai ake bukata. A cikin sittin da ɗayan akwai masu kusan zagaye waɗanda ido ba zai ce ga inda suka kwanta ba, sai a sa su. Masu tantance maƙala ba sa sake yin zaɓe, lissafi suke bi, lissafina kuwa ba inda ya karkace. Wata rana wani zai auna ya sami akasin nawa, a yi shekaru ana muhawara, lokacin na gama digirina. Har na rubuta lambobin masu zagayen nan shida a bayan littafina.

Rana ta uku da yamma Inna ta ga kwamfutar a rufe da zanen da take lulluɓe ta da shi, ta tambaya ko ta lalace. Na ce lafiyarta lau, ni ne na yi kuskure a aikin, babba. Ta tambaya ko za a gyara, na ce za a gyara, amma in aka tsaya gyara karatun Turai ya wuce ni.

"Wa yas sani?"

"Ni kaɗai, Inna."

"To ai an sani ke nan."

Ta ɗauki kwaryar wakenta ta shiga ɗaki. Washegari da rana ta hau kan sola na rubuta wa Farfesa. Na faɗi abin da ya faru mataki-mataki, har da amsar da na ba ta a kan hotuna. Amsarta layi uku ce. Ta ce ta gode. Ta ce ita ma ba ta nemi ganin zanena ba, wannan nata ne, za ta faɗa. Nawa kuwa ni zan faɗa wa mutanen da bakina a taron ranar Laraba.

Shekara uku ina shiga wannan taron ta waya in sabis ya bari, ban taɓa faɗin abin da ya wuce "na aiko" ba. Na rubuta abin da zan faɗa a takarda, na karanta wa bangon ɗakina sau da yawa. Ranar Laraba ba ayari, na sami wani ɗan kabu-kabu da ya yarda ya kai ni Gummi in za mu dawo kafin la'asar. A shagon na ce wa Baba Mudi zan yi magana da mutanen wajen aikina, kuma ba za su ji ni ba in inji yana ƙara. Ya dube ni, ya dubi wayoyin mutane da ke jere a kan katako, ya je ya kashe janaretan. Ya ce wa masu zaman benci su yi shiru, Malam zai yi magana da Turai. Har mai sayar da rake ya matso.

A tsaye na karanta takardar, wayar a hannu ɗaya, mutanen tasha sun zagaye ni suna sauraron Turancin da ba sa ji. Na kai ƙarshen takardar. Sai wani daga cikin abokan aikin ya tambaya ta wayar ko ma'aunin layukan ma ya lalace, na ce a'a, zaɓen ne kawai, amma komai a kansa yake tsaye. Wani dattijo a cikinsu ya yi 'yar dariya ya ce shi ma ya taɓa yin wannan yana ɗalibi, sai dai a kan gungu biyu ne. Mai gurbin karatun kuwa ya riga ya nuna sakamakon a wani babban taro. Farfesa ta faɗi nata, sannan ta ce a janye maƙalar, Lawali zai sake zaɓe.

"An dace?" in ji Baba Mudi da na sauke wayar.

"A'a, Baba. Na gaya musu na ɓata aikin wata bakwai ne."

"Shi ne kas sa ni kashe inji?" Ya dubi mutanen da ke jiran jin albishir, ya dube ni. "Madalla da ba da Hausa kaf faɗa ba." Ya ce musu an gama lafiya, kowa ya kama gabansa, ya je ya ja igiyar janaretan. Da zan tafi ya ce in bar masa kwamfutar ta kwana biyu tana sauke hotunan, shi zai kula da ita, ɗan kabu-kabun ya kawo mini. Haka aka yi.

Gyaran ya ci wata biyar. Kafin in gama an rufe karɓar takardu, gurbin ya tafi ga wata ɗaliba da na ji an ce ta cancanta. Wata ƙungiya kuma ta riga mu fitar da amsar, cewa tsofaffin gungu na nesa sun fi na kusa juyawa. Tamu ta fito daga baya, gajera, tana cewa mu ma haka muka samu. Sunana yana na uku. Yanzu ina koyar da fiziks a wata sakandare a Gummi, Farfesa kuma takan aiko mini da jadawalin ɗalibanta in duba in na sami sarari. Wanda ke son wannan sana'a a cikinku ya san cewa yawancin kwanakinta ba mai kallonka, kuma mutanen da za su gane in ka yi daidai ko ka karkace ba su kai cikon motar haya ɗaya ba a duk duniya.

Gungun farko da na auna bayan sabon zaɓe, ranar Inna ta tafi suna a wata unguwa, ba kowa a gidan sai ni. Hotonsa a gabana, ya miƙe sosai tare da tsagar. Na fara daga layin ƙarshe na arewa, zanen sun gusa wajen shuɗi. Na sauko layi ɗaya, gusawar ta ragu. A tsakiya suka tsaya daidai wurinsu. Da na tsallaka kudu sai suka fara komawa wajen ja, kowane layi ya fi na bayansa. Wata bakwai ina ganin ɗigogi a jere kamar an ja su da rula, yau ga su sun hau gangare. Gefen arewa yana tahowa, na kudu yana tafiya. Na sake aunawa da hanya ta biyu, haka ya fito. Na miƙe na leƙa tsakar gida, na ga ba wanda zan kira, na dawo na zauna. Sabon zaɓen gungu hamsin da tara ne. Na buɗe na biyu.